A Nuna Mana Allon: Masu Kaɗa Kiɗa da Rubutun Kwamfuta





Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na san abin da aka saba ji daga bakin malamin kwamfuta a wannan zamani: tsaron intanet, ko ƙirƙirarriyar basira, ko yadda matashi zai sami aiki da rubuta manhaja. Duk suna da muhimmanci, amma na ajiye su na ɗauko wani abu wanda masu yin sa a duniya ba su da yawa, ba kuma dukiya ake tarawa da shi ba. Na ɗauko shi ne domin ya canja yadda nake koyarwa, ya kuma canja yadda nake kallon na'urar da na shafe shekaru ina aiki da ita.

Bari in fara kai ku wurin da ake yin sa. Wani ɗaki ne mai ɗan duhu a birnin Sheffield na Ingila, ko a birnin Meziko, ko Tokyo. Mutum ɗaya yana tsaye gaban teburi, ba ganga a hammatarsa, ba garaya a hannunsa, sai kwamfutar tafi-da-gidanka. A bayansa majigi yana haska duk abin da ke allon kwamfutar a jikin bango, kowa na gani. Da farko allon wayam yake. Sai ya rubuta layi ɗaya, ya danna, sai ka ji bugun ganga ya fito daga lasifika, yana maimaita kansa. Gangar na bugawa, shi kuma yana ci gaba da rubutu. Ya ƙara layi na biyu, wata ƙaramar murya ta shigo tsakanin bugu da bugu. Ya koma layin farko ya goge lamba ɗaya ya sa wata, nan take kiɗan ya juya. Idan ya manta wani harafi ko ya rufe zance ba daidai ba, saƙon kuskure zai fito ƙuru-ƙuru a bango, 'yan kallo suna gani, wani lokaci ma kiɗan ya ɗauke gaba ɗaya. A irin waɗannan tarurruka an san mutane da yin shewa da tafi idan hakan ta faru, suna jira ya gyara a gabansu.

Da Ingilishi suna ce wa wannan abu laif kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni kai-tsaye tana cikin aiki. Ni a wannan lacca zan riƙa kiran sa kiɗan rubutu. Masu yin sa gauraye suke: akwai ƙwararrun masu rubuta manhaja da suka gaji da aikin ofis, akwai makaɗan da ba su taɓa karanta ilimin kwamfuta ba, akwai malaman makaranta, akwai kuma masu sha'awa kawai da ke yi a ɗaki bayan sun taso daga aiki.

Tunanin cewa na'urar lissafi za ta iya kiɗa ya girmi kwamfutar kanta. A shekarar 1843, Ada Lovelace, a cikin bayanan da ta rubuta kan injin lissafin da Charles Babbage ya tsara amma bai ƙera ba, ta hango cewa idan aka iya bayyana dangantakar sautuka da lambobi, to injin zai iya tsara kiɗa. Sai a 1957 Max Mathews, a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka, ya rubuta manhajar da ta sa wata katafariyar kwamfuta ƙirar IBM 704 ta lissafo sautin da bai wuce daƙiƙa 17 ba. Amma ku lura da yadda aikin yake a wancan lokaci. Mutum zai rubuta umarninsa, a huda shi a jikin kati, a ba na'ura, ta ɗauki lokaci mai tsawo tana lissafi, a naɗi sakamakon a faifai, sannan a kai wani wuri a saurara. Tsakanin tunani da jin sauti akwai tazarar sa'o'i, wani lokaci kwanaki. Wanda ke wannan aiki ya fi kama da mai aika wasiƙa fiye da makaɗi. Duk tarihin da zan ba ku, tarihin rage wannan tazara ne har ta koma ƙiftawar ido.

A 1996 James McCartney ya fito da SuperCollider, harshen kwamfuta da aka yi musamman domin haɗa sauti nan take, a 2002 kuma ya sake shi kyauta, kowa ya ɗauka ya duba cikinsa ya gyara. Har yau shi ne injin da ke ƙarƙashin wasu daga cikin kayan aikin da zan ambata. A 2003 Ge Wang da malaminsa Perry Cook a Jami'ar Princeton suka fito da wani harshen mai suna ChucK. Kayan aiki sun samu ke nan. Amma akwai wata damuwa da ta addabi masu kiɗa da kwamfuta a wajejen ƙarshen shekarun 1990. Mutum zai hau dandali, ya buɗe kwamfuta, ya sunkuyar da kai, kiɗa na fita, 'yan kallo ba sa ganin komai sai bayan murfin na'ura. Ba wanda zai iya rantsewa cewa ba abin da aka naɗa tun a gida ya kunna musu ba, shi kuma yana karanta saƙonninsa. Wasu matasa biyu a Landan, Alex McLean da Adrian Ward, da suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna slub a wajejen shekarar 2000, suka ce maganin wannan zargi shi ne a juya allon ga jama'a.

A watan Fabrairun 2004, bayan wani taro a birnin Hamburg na Jamus, wasu daga cikin masu irin wannan ra'ayi suka kafa ƙungiyar TOPLAP, suka rubuta gajeriyar takardar manufa. Abin da ya fi shahara a cikinta shi ne kiran da suka yi cewa lulluɓe aiki a duhu haɗari ne, kowane mai kiɗa ya nuna allonsa. Sun kuma ce tsarin lissafin da mutum ya rubuta tunaninsa ne, ba kayan aiki ba ne kamar zarto. A nan nake so in daɗe, domin shi ne dalilin tsayuwata a gabanku.

Mun taso mun ga yadda ake koyon sana'a a ƙasar Hausa. Maƙera a fili take. Yaron da ke zuga yana ganin lokacin da ƙarfe ya yi ja, yana ganin inda masaba ta sauka, yana ganin lokacin da maƙeri ya yi kuskure ya mayar da ƙarfen wuta. Masaƙi a bakin hanya yake zama, marini a bakin karofi, dukawa a rumfa. Ko wanda ba zai taɓa zama maƙeri ba, ya san cewa hannun mutum ne ya yi fartanyar da yake noma da ita. Kwamfuta kuwa ta zo mana a rufe. Wayar da ke aljihun kowannenmu cike take da umarnin da wasu mutane suka rubuta, amma ba mu taɓa ganin su suna rubutawa ba, ba mu ga gogewa da gyaransu ba, sai abin ya zo mana a gama kamar daga sama ya faɗo. Shi ya sa da yawa daga cikin yaranmu suke ɗauka cewa manhaja aba ce da ake saukewa, ba aba ce da ake yi ba. Mai kiɗan rubutu ya fito da maƙerar kwamfuta bakin hanya. Ko ba ka iya karanta abin da yake rubutawa ba, ka ga ya canja 2 ya mayar 3, ka kuma ji da kunnenka abin da hakan ya haifar.

To yaya abin yake aiki? A rubutun manhaja na yau da kullum, mutum zai rubuta, ya gama, ya kunna, ya ga sakamako. Idan yana son gyara sai ya tsayar da manhajar, ya gyara, ya sake kunnawa daga farko. Makaɗi ba shi da wannan dama, domin idan kiɗa ya tsaya, masu rawa sun watse. Saboda haka aka gina waɗannan harsuna ta yadda za a iya sauya wani ɓangare na umarnin alhali sauran na ci gaba da gudu. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne mawaƙi da 'yan amshinsa. 'Yan amshi suna riƙe da amshi, suna zagayowa a kansa ba fasawa. Idan uban waƙa ya jefa musu sabon zance, ba za su yanke na bakinsu a tsakiya ba, sai sun kai gaɓa, sannan su ɗauki sabon, kiɗa kuma bai tsaya ba. Haka abin da ake kira live_loop yake a manhajar Sonic Pi. Ka ba shi umarni, yana ta zagayawa a kai. Ka canja umarnin ka danna, sai ya ƙarasa zagayen da yake ciki, ya shiga na gaba da sabon abin da ka ba shi.

Sonic Pi aikin Sam Aaron ne, wanda ya fara shi a 2012 a sashen kwamfuta na Jami'ar Kambirij, tare da gidauniyar da ta ƙera ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a shekarar a kan dala 35. Domin 'yan makaranta aka yi shi. Umarnin farko da yaro zai koya kalma ɗaya ce da lamba: play 60. Yana dannawa zai ji sautin da ke tsakiyar fiyano. Idan ya rubuta 72, zai ji irin sautin amma a sama, kamar muryar yaro a kan ta babba. Lamba 69 ita ce sautin da ke girgiza iska sau 440 a daƙiƙa, wanda ake saita kayan kiɗan Turawa da shi. Umarni na biyu shi ne sleep, wato dakata na ɗan lokaci kafin ka yi na gaba. Da waɗannan biyu kaɗai an sami karin waƙa.

Zan ba ku abin da na gani da idona. Na yi shekaru ina koyar da maimaici, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta yi ta maimaita aiki, a ajin da ɗalibai suka fi kwamfutoci yawa nesa ba kusa ba. Sukan haddace shi, su rubuta a takardar jarrabawa daidai, su ci maki, amma idan ka tambaye su me zai faru in an cire layi kaza, sai shiru. Ranar da na fara shigar da Sonic Pi aji, wata ɗaliba ta rubuta zagayenta ta manta ba ta sa umarnin dakatawa ba. Manhajar ta ƙi, ta fito mata da saƙon cewa zagayen bai huta ba. Ta tsaya tana kallo, can sai ta ce da ƙarfi, "Malam, ashe so yake ya buga su duka a lokaci ɗaya!" Abin da na kasa cusa mata da alli a zango guda, ta gano shi da kanta a minti biyu. Bayan nan sai ɗalibai suka fara tambayar yadda za su sa ganga da karin waƙa su tafi tare. A fannin kwamfuta, gudanar da ayyuka biyu a lokaci ɗaya darasi ne mai wuya da ake jinkirta shi sai ɗalibi ya yi nisa. Amma duk wanda ya taɓa halartar biki ya san kalangu da ɗan kuntukurunsa tare suke tafiya, saboda haka tambayar ta zo musu tun ranar farko.

Akwai wani harshen da ya ɗauki hanya dabam, shi ne TidalCycles, wanda Alex McLean ɗin nan ya fara ginawa a wajejen 2009 a kan harshen Haskell. Shi ba ya ƙirga lokaci da jeri ɗaya bayan ɗaya. Yana ɗaukar zagaye guda ne, ya raba shi daidai tsakanin duk abin da ka zuba a ciki. Idan ka rubuta "bd sn", wato babbar ganga da ƙarama, kowace ta sami rabin zagaye. Idan ka rubuta sauti uku, kowane ya sami sulusi, tsawon zagayen kuma bai canja ba. Kana iya ɗora jeri mai bugu biyu a kan jeri mai bugu uku su tafi tare su haɗu a gaɓa, abin da makaɗan Afirka ta Yamma suka daɗe suna yi. Sannan akwai kalmomin da ke juya tsarin gaba ɗayansa: rev ya karanto shi daga ƙarshe zuwa farko, fast 2 ya ninka saurinsa, every 4 ya ce a yi abu kaza sau ɗaya a kowane zagaye huɗu. Layi ɗaya tak yana iya haifar da kiɗan da shi kansa marubucin bai san yadda zai fito ba sai ya ji. Saboda haka dole ya saurara, ya amsa, ya sake saurara. Tun 2022 akwai ɗan'uwan wannan harshe mai suna Strudel, wanda Felix Roos ya yi aiki a kansa tare da McLean, shi kuma a shafin intanet yake buɗewa, ba sai an girka komai ba.

Yanzu ga wani abu da ya ba ni mamaki da na fara cin karo da shi. A TidalCycles idan ka rubuta sunan ganga ka biyo shi da lambobi biyu, 3 da 8, kana nufin a raba bugu uku a cikin gurabe takwas, a baza su daidai iyakar iyawa. Uku ba ta raba takwas, saboda haka tazarar za ta fito uku, uku, biyu. Ku gwada tafawa: ɗaya a buga, biyu shiru, a buga, biyu shiru, a buga, ɗaya shiru. Kunnenku ya san wannan, domin yana cikin kaɗe-kaɗen Afirka da na Kuba da na ƙasashen Larabawa. Idan ka raba bakwai a cikin goma sha biyu, ka fara ƙirga daga inda ya dace, sai ga tsarin bugun ƙararrawar ƙarfe da mutanen Ewe na Gana ke jagorantar kiɗansu da shi. Wanda ya nuna wannan shi ne Godfried Toussaint, masanin kwamfuta a Jami'ar McGill ta Kanada, a wata maƙala ta 2005. Ya lura cewa hanyar rabon ta yi daidai da hanyar da masanin lissafi Yuklid ya bayyana a Iskandariya kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ta gano babbar lambar da ke raba lambobi biyu ba saura.

Ina jin daɗin wannan bincike ƙwarai, amma ina kuma tsoron yadda wasu ke fahimtarsa. Mai bugun ƙararrawa a ƙasar Ewe bai jira Yuklid ba, bai jira Toussaint ba. Lissafin ya zo ne daga baya ya tarar da abin a hannun mutane. Kuma abin da lissafin ya kama ƙashi ne kawai. Bai kama ɗan jinkirin da gwani ke yi kafin bugu ba, bai kama nauyin hannu ba, balle ya kama magana. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya da hammata ya sassauta, sauti ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa, har wanda ake kaɗa wa takensa ya ji daga nesa ya san da shi ake. Duk matashin da ya ɗauka cewa lambobi biyu sun ba shi abin da makaɗi ya gada daga kakanni, ya yaudari kansa. Madannan kwamfuta ba su san matsi da sassauci ba, ko dai ka danna ko ba ka danna ba. Rubutu kuma yana da nawa. Kafin ka rubuta layi, mai kalangu ya juya kiɗa sau uku.

Duk da haka akwai inda mai kiɗan rubutu ya fi kusa da makaɗanmu na gargajiya fiye da yadda sutudiyon zamani yake. An san marigayi Alhaji Mamman Shata da ƙirƙirar waƙa nan take, ya dubi wanda ya shigo fili, ya dubi yanayin taro, ya ɗora baitin da bai taho da shi daga gida ba, makaɗansa da 'yan amshi su bi shi. Waƙoƙin fina-finanmu kuwa, tun zamanin fiyano ƙirar Yamaha a sutudiyoyin Kano har zuwa manhajojin haɗa kiɗa na yau, a ɗaki ake gama su, a goge kowane kuskure, ranar biki sai a kunna, mawaƙi ya bi da baki. Ban raina wannan aiki ba, akwai gwanaye a cikinsa, ya kuma ciyar da gidaje masu yawa. Amma kiɗan da aka naɗa bai san wanda ya shigo ba. Hausawa sun ce idan kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja, amma duk makaɗin ƙwarai ya san cewa rawa ma tana canja kiɗa, domin idonsa na kan ƙafar mai rawa. Mai kiɗan rubutu yana da wannan dama, yana ɗago kai ya ga jama'a, ya koma ya canja lamba.

Akwai wata fa'idar da ta shafe mu kai-tsaye. Fiyano yana da sautuka goma sha biyu a kowane hawa, babu komai tsakanin maɓalli da maɓalli. Goge da kuntigi da gurmi ba da ma'aunin fiyano ake saita su ba, shi ya sa idan aka kwaikwayi karin tsohuwar waƙa da fiyano, dattijo zai ce maka akwai abin da ya ɓace ko da bai iya faɗin sunansa ba. A Sonic Pi kana iya rubuta play 60.5, ka sami sautin da ke tsakanin maɓallai biyu. Wato ɗalibin da ya zauna da mai goge, ya auna sautukansa da haƙuri, zai iya rubuta ma'aunin gogen kamar yadda yake, ba tare da ya tanƙwara shi ya shiga na Turawa ba.

Zan taɓa maganar wuraren da ake wannan kiɗa, domin kada wani ya bincika ya ce na ɓoye. A 2011 McLean da abokinsa Nick Collins suka ƙirƙiro kalmar algorave, a 2012 kuma aka yi taron farko mai wannan suna a Landan. Rabin kalmar na nufin casun dare irin na Turai, ɗaya rabin kuma daga kalmar algoridim yake, wadda asalinta sunan Muhammad bin Musa Alkawarizmi ne, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Casun dare al'adarsu ce, ba kuma shi nake kiran ku zuwa ba. Sana'ar ta fi shi faɗi. Ana yin ta a azuzuwa da ɗakunan karatu da gidajen tarihi, tun 2015 kuma ake yin taron masana na duniya a kanta, wanda aka fara a Leeds. Na kuma san a wannan zaure akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, ina girmama hakan. Hanyar tana aiki ba tare da sauti ba. Olivia Jack ta yi manhaja mai suna Hydra wadda ake rubuta mata umarni tana zana launuka da siffofi masu motsi nan take. McLean kansa ya yi shekaru yana bincike kan saƙa tare da wani aiki a gidan tarihin kimiyya na birnin Munik, domin zare a kan zare tsari ne mai maimaici kamar bugu a kan bugu. Duk wanda ya ƙura wa aska takwas ido a wuyan babbar riga, ko ya bi layin dagi har ya dawo inda ya fara, ya san cewa akwai ƙa'idar da mai ɗinki ke bi a kansa.

Wani zai ce umarnin duk da Ingilishi suke. Gaskiya ne, kuma shinge ne. Amma ba a kulle ƙofar ba. Wani ɗan ƙasar Meziko ya ƙirƙiri harshe mai suna Seis8s, wanda umarninsa da Sifaniyanci suke, domin kaɗe-kaɗen yankinsu irin su kumbiya da salsa. Ko a Sonic Pi, akwai kalmar define da ke ba ka damar raɗa wa umarninka sunan da kake so, ka kira wannan amshi, wancan taushi, wancan juyi. Ɗalibi ɗaya mai naci zai iya gina ƙaramin harshen kiɗa da Hausa a matsayin aikin kammala digirinsa, kuma zan fi murna da duba wannan aiki a kan tsarin rajistar ɗalibai da ake maimaita mana kowace shekara.

A cikin sautukan da ke zuwa tare da Sonic Pi akwai tabla ta Indiya iri-iri, babu kalangu, babu kotso, babu ƙwarya. Ba wanda zai sa mana su sai mu. Manhajar tana karɓar duk sautin da ka naɗa, ko da waya ce. Amma ina roƙon ku da babbar murya, wanda zai je naɗar sautin makaɗi ya je da ladabi. Ya gaya masa abin da za a yi da shi, ya biya shi, ya rubuta sunansa a jikin aikin. Bugun da za ku naɗa a daƙiƙa ɗaya, shekaru talatin mutumin ya yi yana gyara hannunsa a kai. Masu kiɗan rubutu sun gina al'adarsu a kan bayyana asalin kowane abu da kyautar da aiki ga na baya. Ba zai kyautu mu buɗe allonmu ga duniya mu rufe sunan wanda muka ɗauki gangarsa ba.

Yau akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka rubuta musu jimla ɗaya su miƙo maka waƙa cikakkiya da murya da kiɗa. Sun fi kiɗan rubutu sauri, sau da yawa ma abin da suke fitarwa ya fi daɗin ji a karon farko, domin ba zan ɓoye muku ba, akwai kiɗan rubutun da yake fitowa a bushe, mintocin farko kuma kan zama da wahalar saurare. Amma wanda ya karɓi waƙa daga irin waccan manhaja ba zai iya nuna maka layin da ya sa ganga ta yi jinkiri ba, ba zai iya canja bugu ɗaya ya bar saura ba, bai kuma fi jiya sanin kiɗa ko kwamfuta ba. Ɗalibar nan da ta manta umarnin dakatawa ta fita aji da abin da ba wanda zai ƙwace mata.

Duk manhajojin kiɗan rubutun da na ambata kyauta ne. Sonic Pi idan an girka shi sau ɗaya ba ya buƙatar intanet, mutum ɗaya ya sauke, ajin gaba ɗaya su kwafa a filashi.

Masu wannan sana'a a birnin Meziko sun kafa wata al'ada da nake so. A tarurrukan da suka riƙa yi a cibiyar fasaha ta ƙasa, kowa minti tara ake ba shi, kuma dole ya fara daga allo wayam, ba abin da ya rubuto daga gida. Minti tara na cika sai a tafa masa, ko ya kai inda yake so ko bai kai ba, na gaba ya hau. Mai girma shugaba, da izininka, zan yi amfani da abin da ya rage na lokacina a wannan hanya. Ina roƙon mai kula da majigi ya haɗa kwamfutata da bango, a rage fitilun gaba kaɗan. Ɗalibin da ke kusa da ƙofa ya riƙe mana agogo. Waɗanda ke sahun baya, idan rubutun ya yi muku ƙanƙanta ku ɗaga hannu in ƙara girmansa, idan kuma wani ya hango kuskure kafin ni, ya faɗa da ƙarfi. Zan fara da bugu uku a cikin gurabe takwas.